Kawu Dunstan a Hawa na Biyar

Ƙofar da ke kallon tamu a hawa na biyar ta Kawu Dunstan Welikala ce, amma ya fi shekara goma da sayen sashen kafin ya taɓa kwana a ciki. Ni a gidan aka haife ni, a nan na girma, a nan nake har yau ina dafa watalappan, abin zaƙinmu na ƙwai da madarar kwakwa, ina sayar wa masu biki. Duk wanda ya shiga ƙofar nan ko ya fita, a kan idona ne.

Gidan namu tsohon bene ne a unguwar Kollupitiya, tsakanin titin Galle da layin dogo. Haruffan sunansa sun zube daga bakin ƙofa tun ina yarinya, kowa Gidan Shuɗi yake ce masa. Gishirin teku ya cinye ƙarafan tagogi, liftarmu kuma irin mai ƙofar ƙarfen nan ce da ake ja da hannu, tana hawa tana nishi. Duk da haka baƙi 'yan ƙasar waje ba su da gidan da suke so kamarsa. Sababbin dogayen gine-gine sun kewaye mu da gilashi da wurin wanka, amma da zarar sashe ya zama babu kowa a wajenmu, kafin fenti ya bushe wani baƙon ya kawo akwatunansa.

Kawu Dunstan ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya. Shi ne mai tsayawa a taragon ƙarshe da koriyar tuta da usur. Gajere ne, baƙi, mai faffaɗan goshi, kullum cikin farar riga da ya goge da kansa. Da matarsa Celine ta rasu, sai ya sayar da 'yar gonar kwakwar da ta bar masa a Kuliyapitiya, ya haɗa da abin da aka sallame shi da shi, ya sayi sashen. 'Yarsa Hiranthi, wadda take aikin jinya, ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce in dai sai ya zuba dukiyarsa a gini, ga sababbi nan birjik, me zai kai shi gidan da ya kusa girme shi? Ya ce mata dillali ya tabbatar masa baƙi layi suke yi. Ya ci gaba da zama a ƙaramin gidansa na Moratuwa, ya sa sashen haya.

Ni ya gaya wa ainihin dalilin, wata rana da na ba shi shayi. Ya ce duk tsawon aikinsa yana ganin Turawa da Japanawa sun maƙale a ƙofar tarago suna ɗaukar hoton ganyen shayi da gadoji, yana so ya tambaye su abin da suke gani, amma kafin ya buɗe baki lokacin busa usur ya yi. Shi kuwa bai taɓa fita daga tsibirin nan ba.

"To kin ga yanzu, Duwa," ya ce da ni, don haka yake kirana kamar 'yarsa, "tunda ban je musu ba, su za su zo mini. Har su biya ni."

Da farko abin bai tafi daidai ba. Ɗan hayarsa na fari wani injiniya ne Bajapane, mai shiru-shiru. Kawu ya riƙa zuwa duba famfo, famfon da lafiyarsa lau. In ya shiga sai ya tsaya yana tambayar mutumin me ya sa ya jingine gado da bango yana kwana a ƙasa, ko katifar ce ba ta yi masa ba. Bajapanen ya jure har wa'adinsa ya cika. Waɗanda suka biyo baya, wasu mata da miji 'yan Italiya, ba su jure ba. Suka kai ƙara wajen dillali cewa mai gida ya fi su zama a gidan. Dillalin ya zo da kansa, ya tare Kawu a kan matakala, ya ce masa baƙi sun biya ne don a ƙyale su, in ya ci gaba haka sunan sashen zai ɓaci a bakin 'yan haya.

Kawu ya ji kunya ƙwarai. Daga nan ya tsara wa kansa doka, yake kuma faɗa wa kowane sabon ɗan haya tun ranar farko: zai riƙa zuwa Lahadin farkon wata bayan an tashi daga coci, da curin jar kwakwa ta sha, ya zauna a baranda, in shayi ya ƙare ya tafi. Abin mamaki, yawancinsu sai suka so hakan. In ya fito daga wajensu sai ya ƙwanƙwasa mini, ya zauna a bakin ɗakin girkina ina fasa ƙwai, ya juye mini abin da ya samo. Wai akwai ƙasar da yaro ke barin gidan iyayensa tun bai yi aure ba, ba kuma faɗa aka yi ba. Wai wani ɗan Habasha ya ce masa ƙarfe ɗayansu da wayewar gari take farawa. Wata Bajamushiya ta hana shi kashe gizo-gizo. Yakan faɗi abu ya yi ta jujjuya shi, kamar mai tsotsar ƙashin kifi.

Tambaya ɗaya ce ba ya bari ta wuce kowa: me suka gani a tsohon gidan nan? Wasu su ce tsayin rufi, wasu su ce jan daɓen ƙasa, mafi yawa su ce iska. Wannan amsar ba ta taɓa gamsar da shi ba. Yakan ce mini iska ai ko a Moratuwa kyauta ake shan ta, lalle akwai abin da suke ɓoyewa.

Ana nan sai Solveig ta kama sashen. Malamar makaranta ce daga Norway, doguwa har sai ta sunkuya a ƙofar lifta, ba miji ba ɗa, sai wata kyanwa mai ruwan toka da ake kira Tussi. Ita ce ta fi kowa jin daɗin ziyarar Kawu, don in ya yi tambaya takan yi tunani sosai kafin ta amsa.

A shekararta ta biyu, da farkon damina, abubuwa biyu suka haɗu. Liftarmu ta tsaya cak tsakanin hawa na biyu da na uku, masu gyara suka ce abin da ya lalace an daina ƙera irinsa, sai dai a kai wa maƙera su kwaikwaya. Masu sassa suka shiga taro suna musu a kan wanda zai ɗauki nauyi. Ana cikin haka Solveig ta zame da kekenta a kan jiƙaƙƙen titi, ƙafarta ta karye a ƙasan gwiwa. Da aka sallamo ta daga asibiti, mai gadi da wani direba suka ɗora ta a kujera suka hau da ita, suna hutawa a kowane hawa, ita kuma ta rufe fuska da tafin hannu don kunya. Da suka dire ta, ta ce mini ba za a sake ɗaukarta kamar buhun shinkafa ba. Ga shi kuwa dole ta riƙa komawa asibiti.

Ranar Lahadi Kawu ya hauro da kwakwarsa yana haki. Ina wajen, na kai mata abinci. Ta gaya masa tana tunanin komawa otal har ƙafar ta warke, sai dai otal ba ya karɓar kyanwa. Kawu ya daɗe yana kallon farin ɗaurin da ke ƙafarta.

"Mis, gidana ba shi da matakala ko ɗaya," ya ce. "Daga titi sai baranda. Ki koma can."

Ta tambaye shi, shi kuma ina zai zauna.

Ya dubi rufin ɗakin, ya dubi ƙofar baranda, na ga kunnuwansa har motsi suke. "In ba za ki damu ba, ai ga wuri nan. Sai in riƙe miki kyanwar, don karnukan layinmu ba su da mutunci."

Solveig ta yi dariya har ta riƙe ƙafa. Ta amince. Hiranthi da ta ji, ta buga masa waya tana cewa, "Thaththa," wato Baba, "a ina ka taɓa jin mai gida ya zama ɗan hayar ɗan hayarsa?" Ya ce mata shi ma bai taɓa ji ba, shi ya sa yake so ya gani.

Aka sauko da Solveig, karo na ƙarshe a kujera, aka kai ta Moratuwa. Kawu ya iso da jaka ɗaya da 'yar rediyonsa. Na leƙa da rana na same shi tsaye a tsakiyar falo, jakar na hannunsa, bai ko zauna ba. Ya ce mini ya yi wa kansa alkawari ba zai buɗe durowa ko akwati ba, abin da ke fili kawai zai kalla. Abin da ke fili ma ya ishe shi.

Makon farko ban huta ba. Ya zo da wani dunƙule mai ruwan ƙasa daga firji yana tambaya ko sabulu ne. Muka ɗanɗana tare, ashe cuku ne, mai zaƙi kamar an dafa shi da sukarin kitul, wanda ake samu daga ruwan wata bishiya mai kama da giginya. Ya kira ni in ga kyandirori jere a kan teburi, alhali gidan ba coci ba, wuta kuma ba ta cika ɗaukewa ba. Akwai wani hoto a bango, ɗan ƙaramin jan gida a cikin ƙanƙara, babu wani gida kusa da shi iyakar ganin ido. Wannan hoton ya fi komai damunsa. Ya riƙa tambayata, in gishiri ya ƙare musu ana tsakiyar girki, wa suke aika wa?

Sai kuma maganar kyanwa. Solveig ta bar masa wani ɗan littafi ta ce ko da Tussi za ta yi rashin lafiya. Ya buɗe ya ga hoton kyanwar, da tambarin ƙasashe.

"Duwa, zo ki gani. Fasfo gare ta." Ya zauna a kujera yana duban kyanwar, ita ma tana dubansa. "Ta je ƙasashen da ban san sunansu ba. Ni ga ni nan da furfura, ko Indiya ban leƙa ba. To wa ya kamata ya zuba wa wani abinci?"

Tun daga ranar yake ce mata Nona, kamar wata matar babban mutum. Ya gwada ta da kan kifi da shinkafa ta ƙi, ta tsaya a kan abincinta na gwangwani. Ya ce ba laifinta ba ne, tarbiyya ce.

Wata safiya na kai masa kiribath, shinkafar da muke dafawa da madarar kwakwa, na tarar da ƙofa a buɗe, yana baranda ya dafa ƙarfe. Bai juyo ba, ya yafito ni da hannu. A ƙasa jirgin safe ne ke tahowa daga kudu a gefen teku, mutane sun cika ƙofofi har suna lilo a waje. Ni tun ina jaririya nake ganin wannan, ban taɓa ɗaukarsa komai ba.

"Na fi shekara talatin a cikin abin nan," ya ce a hankali, "ban taɓa ganin bayansa ba. Dubi tsatsa. Dubi hankakan can, sun hau kyauta." Da taragon ƙarshe ya zo wucewa, sai ga ɗan hannu ya fito da koriyar tuta, ƙanƙane kamar ganyen kori da muke sa wa miya. Kawu ya bi shi da ido har ya ɓace. Ya ce ashe haka yake daga sama, shi da yake jin duk jirgin a hannunsa yake. Bai faɗe shi da baƙin ciki ba, mamaki ne kawai. Tun daga nan ba ya barin jirgin safe ya wuce bai gani ba.

Maganar iska ma ya sauko. Ya ce ta hawa na biyar daban ce da ta ƙasa, ba ta ɗauko warin kwata ko hayaƙin maƙwabta, sauro kuma ba ya kaiwa nan. Ya yarda baƙin ba ƙarya suke ba. Abin da ya kasa sabawa da shi shi ne shiru. A layinsu kafin ya gama wanke baki mutum uku sun leƙo. A nan kuwa in ban da ni, babu mai taɓa ƙofarsa. Ya ce yanzu ya gane abin da suke biya, amma bai gane yadda suke jure shi ba.

Sai ya samo dabara. Tunda lifta ta mutu, kowa da ƙafa yake hawa, kuma kowa a hawa na uku numfashinsa ke ƙarewa. Kawu ya sauko da kujeru biyu da tulun ruwan sanyi ya ajiye a wajen. Duk wanda ya iso yana haki sai ya tarar da kujera da kofi, da tsoho mai farar riga yana murmushi. Mutumin da ke neman numfashi ba ya iya gudu. A haka ya san cewa Bafaranshen hawa na shida ƙwari yake nazari, matar Koriya ta hawa na huɗu kuma kabeji take binnewa a tuluna a barandarta. Da dillali ya zo ya gan shi, ya buɗe baki zai yi magana, Kawu ya ce masa matakala ai ba ta cikin yarjejeniyar kowa. Dillalin ma ya zauna ya sha ruwa.

Ranar wata Lahadi ya ce in raka shi ya gano gidansa. Muka hau jirgi zuwa Moratuwa, yana ta leƙen sama ta taga ko zai hango barandarmu. Layin nasu duk ƙarar zarto da ƙamshin katako, don kusan kowane gida akwai kafinta. Muka tarar da Solveig a baranda, an ɗora ƙafarta a kan wani ɗan benci da aka ƙera mata, tana sanye da doguwar rigar gida mai furanni wadda ta tsaya mata a gwiwa. Rigar ta Magilin Nona ce, tsohuwar da ke maƙwabtaka da Kawu, wadda ta karɓe ragamar jinyar ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Tana shafa mata mai a yatsun ƙafa, tana yi mata faɗa da yarenmu na Sinhala, ita kuma tana gyaɗa kai kamar tana ji.

Magilin na ganin Kawu ta ce, "A'a, ga Baturen Kollupitiya. Ka iya cin shinkafa da hannu har yanzu, ko a kawo cokali?" Ta ƙara da cewa yarinyar nan ba ta cin abinci, kuma a tambaye ta me ya hana ta aure, da tsayinta da aikinta. Kawu ya ce shi ma ya daɗe yana son ya sani, amma ko shi bai kai nan ba.

Abin da bai zata ba shi ne Solveig ta tara masa nata tambayoyin. Me ya sa duk wanda ya wuce sai ya tambaye ta ina za ta, alhali yana ganin ƙafarta a ɗaure? Wane ne mutumin da ya shigo bai yi sallama ba, ya hau bishiyar kwakwa, ya sauke, ya ɗauki biyu ya tafi? Me ya sa aka rataye kabewa a gaban sabon ginin can? Me ya sa in mutum zai tafi sai ya ce zai je ya dawo, ko da ba dawowa zai yi ba? Kawu ya amsa na mai kwakwa da sauƙi: mai hawar musu kwakwa ne, biyun ladansa ne. Na kabewa ya ce don bakin mutane ne, da ta tambaye shi me ya sa kabewa ba wani abu ba, sai ya nemi taimako. Ya juya ga Magilin, ita ma ta ce haka ta tarar ana yi. Na ga abin ya yi masa daɗi maimakon ya ba shi haushi. Ya ce shekara saba'in yana wucewa ta ƙarƙashin kabewa bai taɓa tambaya ba.

Daga baya ta nuna keken ɗinkin da ke lulluɓe a kusurwar falo, ta tambaye shi na wane ne. Ya ce na Celine ne. Ta ce wace irin mace ce? Kawu ya dubi keken. Sai ya fara. Ya ba da labarin yadda ya fara ganinta a tashar Polgahawela tana faɗa da mai sayar da tikiti, da yadda take ɗinki tana waƙa ba ta iya ba, da yadda takan ce da shi ya bar mutane su sha ruwa kafin ya yi musu tambaya ta biyu. Magilin ta daina shafa man tana saurare, tana gyara masa inda ya yi kuskure. Na san shi shekara da shekaru, ban taɓa jin ya yi maganar matarsa haka ba. Sai da rana ta yi sanyi muka kamo hanya.

An gyara lifta bayan damina ta yi nisa, ƙafar Solveig ma ta warke, kowa ya koma gidansa. Amma da wa'adin hayarta ya cika, sai ta zo da kanta ta gaya wa Kawu ba za ta sabunta ba. Ta samu ɗan gida a layinsu, bayan na Magilin, za ta riƙa shiga jirgi zuwa makaranta. Ta ba shi haƙuri. Ya ce babu komai, sai dai ta kula da kyanwar nan Nona saboda karnuka.

Sashen ya zauna babu kowa wata da watanni, don lokacin baƙi sun ragu a gari. Dillali ya ce wannan shi ne sakamakon wasa da sana'a. Kawu bai musa ba, ya ɗauko jakarsa da rediyo ya dawo ya tare, wai kada gida ya yi warin rufi. Wata rana da azahar Hiranthi ta biyo daga asibiti da kayan aikinta a jiki, ta shigo da faɗa tun daga bakin lifta: ya kori ɗan haya mafi kirki da hannunsa, ya mayar da jari wurin shan iska. Ya ce ta zauna tukuna ya haɗa mata shayi. Ta zauna a doguwar kujerar baranda tana ci gaba da magana. Kafin ruwa ya tafasa maganar ta yanke. Da na shigo da kwanon watalappan, ya tare ni a ƙofa da yatsa a baki. Ta yi barci, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a ƙasa. Muka zauna a ɗakin girki muka sha shayin mu biyu, ba ta farka ba sai da la'asar.

Da ta tashi ba ta koma kan faɗan ba. Ta wanke fuska, ta ci watalappan, ta ce a gyara tagar ɗakin kwana kafin a nuna wa kowa gidan. Bayan Kirsimeti wasu Turkawa mata da miji da jaririnsu suka kama sashen, Kawu ya tattara ya koma Moratuwa. Yanzu gwiwa ta fara damunsa, curin kwakwar ma wani lokaci Solveig ce ke ɗauko masa ta rako shi, ta bar shi a ƙofar Turkawan ta shigo wajena mu yi hira har ya gama.